Fuskar Mai Bayarwa da Fuskar Abin Dariya: Tsokaci a Kan Tashe da Goron Sallah a Gwale

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san yadda dare yake sauya kama da zarar azumi ya kai kwana goma. Ana idar da sallar asham, sai lungunan Gwale da Mandawari da Diso da Galadanci su cika da ƙarar gwangwani da kiɗan ƙwarya. Yara ƙungiya-ƙungiya suna bi gida-gida, wannan ya manna gemun auduga, wancan ya cusa tsumma a riga ya zama mai tumbi. Su yi sallama, a ba su izini, su yi wasansu a tsakar gida, a yi dariya, a ba su ɗan hatsi ko 'yan kuɗi, su yi addu'a su ƙara gaba. Bayan kwana ashirin kuma sai ga Sallah, yaran nan dai su ne za su caɓa ado su sake bin gidaje, domin karɓar goron Sallah daga hannun kakanni da kawunnai da gwaggonni.

Ba kasafai ake nazarin al'adun nan biyu tare ba, alhali kuwa igiya ɗaya ce ta ɗaure su. A cikin kowannensu akwai kyauta, kuma a cikin kowannensu akwai fuskar da yaro yake kallo lokacin da kyautar take wucewa daga hannu zuwa hannu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa yaro yakan fara koyon darajar mutane a wajen biki tun kafin ya shiga aji. A nan yake ganin wace irin fuska ce take bayarwa, wace iri ce kuma ake ba mutum lada idan ya wulaƙanta ta. Zan tsaya a kan wasa ɗaya daga cikin wasannin tashe, wato Macukule, in auna shi da ma'aunin barkwancinmu na gado, sannan in leƙa ƙasar Holan inda aka yi shekaru ana jayayya a kan irin wannan batu, kafin in dawo ga goron Sallah da abin da yake koya wa 'ya'yanmu.

Tashe a matsayin madubin unguwa

Kafin a soki abu, adalci ne a faɗi amfaninsa. Tashe yana daga cikin tsofaffin nau'o'in wasan kwaikwayon Bahaushe, kuma ana danganta asalinsa da tashin gwauro domin sahur, tun da ba shi da matar da za ta tashe shi. A Kano har sarauta aka yi wa abin, domin Nalako, sarkin gwagware, shi ne jagoran tashen manya, kuma yakan kai gaisuwa fada.

Hikimar tashe ita ce yana ba ƙarami damar faɗa wa babba gaskiya ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Wata goma sha ɗaya yaro yana durƙusa wa malam, amma a watan azumi sai ya naɗa rawani, ya riƙi allo, ya kwaikwayi malamin da ake tuhuma da taka rawa, yana musu alhali ƙafarsa tana motsi. Jatau Mai Magani yana zolayar mai tallar magani da cika bakinsa. Yaron da ya cika ciki da tsumma ya kasa tashi yana yi wa mai haɗama hannunka mai sanda. Tsoho da Gemu yana tuna wa masu gida haƙƙin tsoho mai rauni. 'Yan mata kuwa, a wasan Mairama da Daudu, suna bitar zaman aure tun kafin su shige shi.

Idan mai karatu ya lura, zai ga cewa abin da ake suka a waɗannan wasanni hali ne ko yanayi, kuma mai halin yana nan zaune a tsakar gidan da ake wasan. Gwauro ɗan unguwa ne, malam shi ne limamin masallacinmu, mai haɗama wataƙila shi ne maigidan da zai ba da kuɗin tashen. Yana dariya tare da kowa, kuma ƙofar gyara a buɗe take gare shi. Ko da Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne, tashe bai yarda da haka ba, domin da ya yarda da bai ɓata darensa yana tsokanar gwauro ba. Ana tsokanarsa ne saboda ana sa ran baɗi war haka ya yi aure, ya shiga sahun masu dariya. Wannan shi ne ma'aunin farko da ya kamata a riƙe: wasan da ya soki abin da mutum zai iya bari gyara ne, wanda kuwa ya soki abin da aka haifi mutum da shi yana bukatar a sake duba shi.

Macukule da abin da yake ɗauke da shi

A yadda muka yi shi a unguwarmu, Macukule wasa ne na kwaikwayon Bagwari. Yaro ɗaya zai sa tsummokara, ya shafa baƙin tukunya a fuska, ya rataya tarkace a kafaɗa, ya karkace harshe. Sauran yara suna yi masa tambayoyi a kan abin da yake ci da abin da yake sha, shi kuma yana amsawa da gurɓatacciyar Hausa cewa yana cin duk abin da Bahaushe yake ƙyama. Dariyar wasan gaba ɗaya a kan abu uku take: launin fuska, da lafazin harshe, da abinci. Babu ɗaya daga cikinsu da yake aibi, kuma babu gyaran da ake nema daga wanda ake kwaikwaya, domin ba a sa ran baɗi ya daina zama Bagwari.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka zaɓe ni in zama Bagwarin ƙungiyarmu, saboda na fi kowa iya karya harshe. Wani dare muka shiga wani gida a Gyaranya, matan gida suna zaune a tabarma bayan shan ruwa. Muka yi wasa, aka yi ta dariya, ban da mace ɗaya da ta yi shiru tana kallona. Da muka gama ita ce ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini sabuwar naira ashirin, ta ce, "Ɗana, in ka je gida ka wanke fuskarka sosai, kada baƙin nan ya shiga idonka." Sai da na ba mahaifiyata labari sannan na ji cewa matar Bagwariya ce daga ƙasar Minna, an auro ta shekaru da yawa, kuma da 'ya'yanta nake zama a makarantar allo. Hausarta ta fi tawa tsabta. A gaban kishiyoyinta da 'ya'yanta na tsaya na nuna musu wai ga kamannin iyayenta, ita kuma ta biya ni.

Wannan siffa ba yara ne suka ƙirƙire ta ba, gadonta suka yi, kuma tana da tarihi. A ƙarni na 19 ƙasar Gwari tana cikin wuraren da aka fi kai wa harin kamun bayi, musamman daga Zazzau da Kwantagora ta gidan Nagwamatse. Baturen nan Clapperton, da ya zo Kano a shekarar 1824, ya ƙiyasta cewa fiye da rabin mazauna birnin bayi ne. Ɗorayi, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Gwale, tana daga cikin wuraren da aka yi gandun sarki. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa bayanta, amma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Ke nan Bagwarin da kakannin kakanninmu suka fi sani a cikin birni shi ne wanda aka kawo ɗaure, sanye da tsumma, bai iya Hausa ba tukuna. Tsumman Macukule da karyayyen harshensa hoton wannan mutumin ne.

Harshenmu ma ya adana sawun abin. Maganar da ba a fahimta muna kiranta gwaranci, har da ta jaririn da bai iya magana ba. Idan muna so a yi mana bayani irin wanda ake yi wa mai wuyar ganewa, sai mu ce a yi mana gwari-gwari. Su kuwa mutanen, sunan da suke kiran kansu shi ne Gbagyi ko Gbari. Abin da ya fi nauyi shi ne lokacin da ake wasan. A watan da ake tafsiri a kowane masallaci, malamai suna karanta aya ta 11 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, da aya ta 22 ta Suratur Rum, wadda ta lissafa bambancin harsuna da launuka a cikin ayoyin Allah. Da daren wannan rana kuma sai mu ba yara kuɗi saboda sun yi izgili da harshe da launi.

Uzurin barkwanci

Mai kare Macukule zai ce ai barkwanci ne, kuma Bahaushe ya san wasa tsakanin ƙabilu tun fil azal. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ta cancanci a amsa ta da gaskiya. Akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarabawa, da Kanawa da Zagezagi. Wasan yana da zafi, har kalmar bawa tana fitowa a cikinsa, amma duk da haka ya kashe wutar rigingimu da yawa, ya sa baƙo ya sami masauki a garin da bai san kowa ba.

Sai dai barkwanci yana da sharuɗɗa, ko da ba a rubuce suke ba. Na farko, ɓangarorin biyu sun san da shi kuma sun yarda. Na biyu, kowa yana da bakin ramawa: idan Babarbare ya ce Bafulatani bawansa ne, Bafulatani zai mayar masa nan take, a tashi babu wanda ya ci wani. Na uku, kuma shi ne ya shafi batun kyauta, wanda ya yi iƙirarin fifiko shi ne yake biya. A al'adar taubasai, idan watan cika-ciki ya zo, wanda yake kiran kansa ubangiji shi ne zai ba ɗan'uwansa kuɗin shara. Magabata sun fahimci cewa wasan da ya taɓa mutunci dole a biya masa diyya, kuma diyyar hannun wanda aka taɓa take shiga.

A ɗora Macukule a kan waɗannan sharuɗɗa. Ba a nemi yardar Bagwari ba. Ba ya nan balle ya rama, in kuma yana nan, kamar matar Gyaranya, shi kaɗai ne a cikin taro, kuma ramawarsa za a ɗauke ta rashin sanin wasa. Kyautar kuma tana tafiya ne ga mai izgili. Sharaɗi ko ɗaya bai cika ba. Barkwanci wasa ne tsakanin tsara biyu da suke tsaye a ƙasa ɗaya. Idan ɗaya yana kan doki ɗaya yana ƙasa, sunan abin ya sauya ko da dariyar iri ɗaya ce.

Akwai uzuri na biyu, cewa yara ne, ba su nufin komai. Gaskiya ne, ni ma ban nufi komai ba a daren nan. Amma rashin nufin yaro shi ne ya sa darasin yake kama shi sosai, domin ba ya tace abin da ya shiga kansa ta hanyar waƙa da dariya da kuɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tanƙwarar ba ta tambaya ko mai yinta ya yi niyya.

Abin da ya faru a Holan

Waɗannan uzurori biyu, na al'ada da na yara, su ne aka yi ta maimaitawa a ƙasar Holan, kuma labarinsu zai taimaka mana mu ga namu daga nesa. A can, ranar 5 ga Disamba ce daren rabon kyauta ga yara, da sunan Waliyyi Nikolas, wani bishop da ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Ana nuna shi a matsayin farin dattijo mai farin gemu a kan farin doki. A shekarar 1850 wani malamin makaranta a Amsterdam, Jan Schenkman, ya wallafa littafin yara inda ya ba dattijon baƙin bara. A lokacin Holan ba ta soke bauta a ƙasashen da take mulka irin su Suriname ba, sai a 1863, kuma gidan kurkukun bayi na Elmina da ke gaɓar Gana yana hannunta har 1872. Wannan bara shi ne ya zama Zwarte Piet, wato Baƙin Bitrus. Turawa sukan shafa baƙin fenti, su sa jan baki da gashin roba mai murɗe da manyan 'yan kunne, su yi ta tsalle-tsalle da shirme, a da har da karya harshe, suna ɗaukar buhun kyauta a bayan dattijon.

Baƙaƙen fatar ƙasar sun daɗe suna kokawa cewa a watan Disamba ana kiran 'ya'yansu da wannan suna a makaranta. Amsar da ake ba su ita ce al'ada ce, bikin yara ne, kuma baƙin na hayaƙin bututun murhu ne. A 2011 'yan sanda suka kama wasu matasa biyu, Quinsy Gario da Jerry Afriyie, wanda asalinsa ɗan Gana ne, a garin Dordrecht, saboda sun sa riguna masu rubutun cewa siffar wariyar launin fata ce. A 2015 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launi ya nemi Holan ta kawar da siffofin da ke nuna ƙasƙanci a bikin. A 2019 bikin ƙasa da ake nunawa a talabijin ya koma amfani da masu ɗan dabbaren toka a kumatu maimakon baƙin fenti. A 2020 firaminista Mark Rutte, wanda a da yake kare al'adar, ya ce ra'ayinsa ya sauya bayan ya saurari waɗanda abin yake yi wa ciwo, kuma a shekarar ce Facebook ya hana sanya irin waɗannan hotuna. Bikin bai mutu ba. Yara suna karɓar kyautarsu kamar yadda suka saba.

A Iran ma akwai Haji Firuz, mai baƙar fuska da jajayen kaya, wanda yake fitowa a bikin sabuwar shekara na Nairuz, kuma 'yan ƙasar masu asalin Afirka sun fara ɗaga murya a kansa. Idan Bakano ya ga hoton Zwarte Piet ransa yakan ɓaci, kuma yana da gaskiya, domin shi ake kwaikwaya. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Baƙin fentin Amsterdam da baƙin tukunyar Gwale sun bambanta a girma da yaɗuwa, sai dai tushensu ɗaya: al'ummar da ta taɓa mallakar bayi ta mayar da hoton bawan abin wasan yara a ranar farin ciki.

Goron Sallah da fuskar mai bayarwa

Labarin Holan yana da ɓangare na biyu, wato fuskar mai kyautar kansa. Dattijon da duniya ta sani da Baba Kirsimeti daga wancan waliyyi ya samo asali. Zanen Thomas Nast a Amurka tun daga 1863, da tallan Coca-Cola da Haddon Sundblom ya fara zanawa a 1931, su ne suka tabbatar da shi a matsayin jibgegen Bature mai jan kumatu. Sai a 2016 babbar kasuwar nan ta Mall of America ta fara ɗaukar baƙar fata ya taka wannan rawa, kuma har hakan ya jawo ce-ce-ku-ce. A nan gida Najeriya, sau da yawa wanda yake sa jajayen kayan a watan Disamba baƙar fata ne, amma sai ya rufe fuskarsa da farar fuskar roba kafin ya miƙa wa yara kyauta, kamar dai alheri ba ya fitowa sai daga farar fuska.

A nan ne al'adarmu ta Sallah take da wata daraja da ba mu cika lura da ita ba. Ba mu da wani ɓoyayyen baƙo mai sauko da kyauta daga sama. Yaron Gwale ya san wanda ya ba shi. Ya ga mahaifinsa ya je Kantin Kwari ya yanko shadda, ya ji ana rigima da tela a daren jajibere. Ya ga an auna zakkar kono, mudun Annabi huɗu a kan kowane kai, an kai gidan da ba su da shi. Ya ɗauki tuwon Sallah ya kai maƙwabta, an zuba masa nasu a kwanon ya dawo da shi. Ya durƙusa gaban kakarsa ta kira shi mijinta, ta tsokane shi, sannan ta kwance lalitarta. Da Babbar Sallah ya kai naman layya gidan abokin aikin mahaifinsa a Sabon Gari, wanda shi ma zai aiko da shinkafa ranar Kirsimeti. Kowace kyauta tana da suna da dangantaka, kuma fuskar mai bayarwa irin fuskar yaron ce. Daga nan yake koyon cewa mai kamarsa yana iya zama mai alheri, kuma wata rana shi ne zai zauna a zaure yana rabawa.

Sai dai wannan gado ma ya fara samun kutse ta hannun abin da muke saya. 'Yartsanar da iyayenmu mata suka goya ta ƙashi ce ko ta kara, su suke yi mata kitso da zare, su ɗaura mata ƙyalle. Wadda take cika kasuwa yau a jajiberen Sallah ta roba ce, fara sol, mai ruwan zinaren gashi da shuɗin ido. Tun a shekarun 1940 masana biyu a Amurka, Kenneth da Mamie Clark, suka gwada yara baƙaƙe da 'yartsana fara da baƙa, suka tarar yawancinsu sun fi son farar, kuma an kafa hujja da binciken a shari'ar 1954 da ta haramta raba makarantu bisa launi. A Legas, Taofick Okoya ya ƙirƙiro 'yartsana baƙaƙe masu suna Queens of Africa, har da mai sunan Azeezah wadda take wakiltar Bahaushiya, bayan ya lura da yadda 'yarsa take kallon launin jikinta. A garin da man shafawa mai sauya launin fata yake da kasuwa kamar Kano, bai kamata mu ɗauki wannan a matsayin matsalar wasu ba. Yarinyar da ta ga an shafa baƙi don a yi dariya a goman tsakiya, sannan aka ba ta farar 'yartsana don ta so ta ranar Sallah, an karantar da ita darasi ɗaya sau biyu a cikin wata guda.

Sai bayan shekaru na san abin da yake jikin takardar da matar Gyaranya ta ba ni. Naira ashirin ita ce kuɗin da aka fi miƙa wa yara a wancan lokaci. A gabanta akwai hoton Janar Murtala Muhammad, Bakano, wanda gwamnatinsa ta yanke shawarar kafa Abuja a 1976 a ƙasar da Gbagyi suke zaune, abin da ya tashi ƙauyukansu da dama. A bayanta kuwa, tun daga 2007, akwai hoton wata mace tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954. An nuna aikinta a Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Dubban yaran Kano sun shafa baƙin tukunya don su kwaikwayi Bagwari, an sallame su da takarda mai hoton Bagwariyar da tukunya ta kai sunanta duniya, kuma ba wanda ya juya musu takardar ya gaya musu ko wace ce.

Kammalawa

Wannan maƙala ba kira take yi a kashe tashe ba. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha sanar da hana shi saboda ɓata-garin da suke fakewa da shi suna ƙwace da faɗan daba, kuma duk mai ƙaunar al'ada ya ji zafin hakan. Tashe yana cikin haɗarin ɓacewa, kuma hanyar ceto shi ita ce a tsabtace shi daga makami, a kuma tsabtace shi daga izgili da asali. Bai taɓa zama abu daskararre ba. Kowane zamani yara suna ƙago sababbin wasanni a kan abin da suke gani, kuma ba a rasa abin tsokana ba: ɗan siyasar da ba a ganinsa sai zaɓe ya matso, da mai ɓoye hatsi a watan azumi, da telan da ya yi alkawari ya kashe waya. Duk waɗannan halaye ne, masu su suna cikinmu, kuma suna iya bari.

Nauyin yana kan masu bayarwa, domin yaro yana maimaita wasan da ya kawo masa kuɗi ne. Uwar da ta ce wa 'yan tashe su sauya wani wasan kafin ta sallame su ta yi aikin da doka ba za ta iya yi ba. Malaman Hausa a makarantu, da gidajen rediyon da suke shirye-shiryen tashe, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, suna iya adana Macukule a matsayin abin nazari, a koyar da shi tare da tarihin da ya haife shi, ba tare da an ci gaba da yinsa a tsakar gida ba. Mai sayen kayan Sallah kuma ya dubi fuskar 'yartsanar da zai kai wa 'yarsa.

Mutanen Gwale sun fi kowa cancantar fara wannan gyara. Mandawari sunan ɗaya daga cikin malaman Wangarawa take ɗauke da shi, waɗanda suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, kuma babu shakka da baƙon harshe suka iso. A cikin ganuwar nan akwai Ayagi ta Yarabawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa. Birnin da baƙi suka gina haka, babu gidan da zai rantse cewa babu irin matar Gyaranya a cikin kakanninsa.

A azumin bana ɗan yayata ya zo neman in taimaka masa da kayan tashe. Na ba shi auduga ya yi gemu, na ara masa tsohon rawanin mahaifinmu. Da ya tambayi baƙin tukunya, sai na zaunar da shi, na ciro tsohuwar naira ashirin, na juya bayanta, na gaya masa sunan matar da take jiki da garinsu.